Rudolf Diesel: Mutumin da ya ƙirƙiro injin dizal, ya ɓace a teku

Daga injinan niƙa na Boɗinga zuwa tirelolin da ke ratsa Shagari a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, duk injin da ke shan man dizal yana ɗauke da sunan mutum ɗaya, wato Rudolf Diesel.

An haife shi a birnin Paris ranar 18 ga Maris, 1858, iyayensa Jamusawa ne. Yaƙin 1870 ya tilasta musu ƙaura zuwa Landan, daga can aka tura shi karatu Augsburg a Jamus. Ya karanci injiniyanci a Munich a hannun Carl von Linde, inda ya fahimci cewa injin tururi yana asarar kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin makamashinsa.

Dabararsa ita ce a matse iska a cikin silinda har ta yi zafi, sannan a fesa mai ya kama da kansa, ba tare da fulogi ba. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1893, kuma a 1897 injinsa ya amfana da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man.

Babban aikin da ya rage shi ne auna man. Idan ya yi yawa injin ya turnuƙe da hayaƙi, idan ya gaza injin ya mutu. Nan ne amfanin na'urar da ake kira gwamna: da zarar mai niƙa ya zuba hatsi gudun injin ya ragu, sai ta ƙara mai, nauyi na sauka ta rage.

Injin Diesel da matsattsiyar iska yake tura mai, abin da ya sa ya yi wa mota nauyi. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, manyan motocin dizal suka yawaita. A yau na'urori ke auna gudu, iska da hayaƙi, kwamfuta tana daidaita man nan take.

Diesel bai ga wannan ba. Ranar 29 ga Satumba, 1913, yana fama da bashi, ya shiga jirgin ruwa Dresden daga Antwerp zuwa Ingila. Da gari ya waye aka neme shi aka rasa. Bayan kwana goma aka tsinci gawarsa a teku. Shekarunsa 55.