Roland Garros: Matuƙin jirgin saman da gasar tennis ta Faransa ke amsa sunansa

Duk shekara idan watan Mayu ya doshi ƙarewa, hankalin masu sha'awar wasan tennis a faɗin duniya kan koma birnin Paris na ƙasar Faransa, inda ake shafe mako biyu ana fafatawa a kan jar ƙasa. Tun kafin a buga ƙwallon farko musu ke kaurewa tsakanin magoya baya. Wasu su ce zakaran bara ne zai sake ɗaga kofi, wasu su dage cewa bana ta matasa ce, wasu kuma su tsaya lissafin wanda ke jinyar rauni da wanda ƙafarsa ta saba da santsin filin. A cikin wannan muhawara babu sunan da ya fi yawo a bakin jama'a kamar Roland Garros, har mutane da dama ke ɗauka cewa sunan wani tsohon zakaran wasan ne. Alhali mai sunan matuƙin jirgin sama ne, wanda ya rasa ransa a fagen yaƙi a 1918, shekara goma kafin a buɗe filin, kuma bai taɓa lashe wata babbar gasar tennis ba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Eugène Adrien Roland Georges Garros ranar 6 ga Oktoba, 1888, a Saint-Denis, babban birnin tsibirin Reunion da ke Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Mahaifinsa lauya ne, kuma Roland na ɗan shekara huɗu iyalin suka yi ƙaura zuwa Saigon, a ƙasar da ake kira Vietnam a yau, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. A 1900 iyayensa suka tura shi Paris karatu, bai wuce shekara 12 ba.

Yaron da ya tashi a ƙasashe masu zafi bai ji da daɗi a hannun hunturun Paris ba. Ciwon sanyin haƙarƙari ya kwantar da shi, har sai da aka mayar da shi Cannes da ke kudancin ƙasar, inda ake samun rana. A can ya rungumi tseren keke domin ƙarfafa jikinsa, abin da aka fara a matsayin magani ya zame masa abin so, ya kai ga zama zakaran tseren keke na 'yan makaranta a 1906. Ya kuma taɓa ƙwallon ƙafa da wasan rugby.

Daga nan ya shiga babbar makarantar koyon kasuwanci ta HEC da ke Paris, ya kammala a 1908. A wannan makaranta ya haɗu da Émile Lesieur, fitaccen ɗan wasan rugby, wanda ya tsaya masa ya shiga ƙungiyar wasanni ta Stade Français. Wannan abota ce, bayan shekaru ashirin, ta ɗora sunan Garros a kan filin tennis. Da ya gama karatu sai ya buɗe shagon sayar da motoci a Paris, kuma kasuwa ta karɓe shi.

Yadda sararin sama ya sace zuciyarsa

A lokacin, jirgin sama sabon abu ne. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Wright sun yi tashinsu na farko a Amurka a 1903, sannan a watan Yulin 1909 Louis Blériot ya tsallaka mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila. A watan Agustan wannan shekara aka shirya babban bikin nuna bajintar jirage a kusa da birnin Reims, Garros ya je kallo. Ya dawo da ƙudurin cewa shi ma sai ya tashi.

Da ribar motocinsa ya sayi ɗan ƙaramin jirgi samfurin Demoiselle, wanda Alberto Santos-Dumont ɗan ƙasar Brazil ya tsara. Jirgi ne mai araha, na gora da yadi da waya, wanda matuƙinsa ke zama a ƙarƙashin fiffike dab da ƙasa. Kusan shi ya koya wa kansa tuƙi, kuma a watan Yulin 1910 ya karɓi lasisi mai lamba 147. Ba da jimawa ba ya bi ayarin matuƙa na John Moisant zuwa Amurka da Mexico da Cuba, suna nuna wa jama'a tashin jirgi ana biyan su.

Da ya koma Turai a 1911, ya shiga manyan tseren jirage na wannan zamani. A tseren Paris zuwa Rome ya zo na biyu, a tseren zagayen Turai ma ya zo na biyu, duka a bayan André Beaumont, har jaridu suka laƙaba masa sunan mai zuwa na biyu kullum. Ya wanke kansa ta wata hanyar: a watan Satumban 1911 ya kafa tarihin yin nisa a sama da ya kusan kai mita 4,000, sannan a 1912 ya kai mita 5,610. Duk wannan a buɗaɗɗen jirgi ne, inda sanyi da ƙarancin iskar shaƙa ke iya sumar da mutum.

Tsallaka Bahar Rum

Bajintar da ta fi ɗaukaka sunansa ta zo ne ranar 23 ga Satumba, 1913. Da asubahi, ƙarfe 5:47, ya tashi daga Fréjus a gaɓar kudancin Faransa cikin jirgi samfurin Morane-Saulnier, ɗauke da lita 200 ta mai, ya nufi Tunisiya. Kafin ranar babu wanda ya taɓa ratsa Tekun Bahar Rum daga wannan gaɓa zuwa waccan a jirgin sama ba tare da ya yada zango ba.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Sau biyu injin ya samu tangarɗa a hanya. Ya wuce ta gefen tsibirin Corsica, ya bi ta saman Sardinia, inda yake da damar sauka ya ƙara mai, amma ya zaɓi ya ci gaba. Daga nan babu komai a ƙarƙashinsa sai ruwa, ga mai yana ta raguwa, kuma ya san cewa idan injin ya tsaya babu mai ceto a kusa. Bayan awa 7 da minti 53 a sama, da tafiyar kimanin kilomita 780, ya sauka a Bizerte da ke arewacin Tunisiya, saura lita biyar kacal a tankinsa. Yana da shekara 24 ya haɗa Turai da Afirka a tashi ɗaya, kuma da ya koma Paris an tarbe shi tarbar gwarzo.

Yaƙi da dabarar farfela

Ƙasa da shekara ɗaya bayan haka, a watan Agustan 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Garros ya shiga rundunar jiragen saman Faransa. A farkon yaƙin aikin jirage shi ne leƙen asirin inda dakarun abokan gaba suke. Idan matuƙa biyu suka yi kiciɓis a sama, sai dai su harbi juna da ƙaramar bindiga ko bindigar kafaɗa, kuma da wuya a samu sa'a.

Matsalar a fili take. Hanya mafi sauƙi ta saiti ita ce a kafa bindiga mai jigida a gaban matuƙi, ya auna abokin gaba da hancin jirgin kansa. To amma farfela na juyawa a daidai wannan wuri, duk wanda ya buɗe wuta zai farfasa farfelarsa da hannunsa. Garros ya haɗa kai da injiniya Raymond Saulnier da kuma makanikensa Jules Hue, suka ɗaura wasu ƙarafa masu kaifin baki a jikin fukafukan farfelar. Yawancin harsasai kan wuce ta tsakanin fukafukan, 'yan kaɗan da suka ci karo da su kuma ƙarfen ya kautar da su gefe.

Ranar 1 ga Afrilu, 1915, ya gwada dabarar a sararin samaniyar Beljiyam, ya kakkaɓo jirgin Jamus. Ya sake yin haka ranar 15 da ranar 18 ga watan. Jirage uku cikin kwana 18 abu ne da ba a saba gani ba a lokacin, kuma daga nan aka fara fahimtar abin da jirgin yaƙi mai mutum ɗaya zai iya yi.

Sai dai a ranar 18 ga Afrilun ce injin jirginsa ya tsaya a yankin Beljiyam da ke hannun Jamusawa, dole ta sa ya sauka. Ya cinna wa jirgin wuta domin kada asirin ya tonu, amma farfelar da bindigar ba su ƙone ba. Jamusawa suka kama shi, suka kwashe abin da ya rage na jirgin domin nazari. Cikin 'yan makonni kamfanin Anthony Fokker, ɗan ƙasar Holan mai ƙera wa Jamus jirage, ya fito da tsarin da ya fi na Garros inganci, wanda ke daidaita harbin bindiga da juyawar farfela ta yadda harsashi ba ya taɓa ta ko kaɗan. Da wannan jiragen Fokker suka addabi Faransa da Birtaniya tsawon watanni.

Fursuna, tserewa da ajali

Garros ya shafe kusan shekara uku a matsayin fursunan yaƙi, ana sauya masa sansani saboda yawan yunƙurinsa na gudu. A watan Fabrairun 1918 shi da wani matuƙi, Anselme Marchal, wanda ya iya Jamusanci sosai, suka yi shigar hafsoshin Jamus suka fice daga sansanin Magdeburg. Suka ratsa ƙasar har suka tsallaka Holan, daga can suka bi ta Landan suka koma gida.

Zaman kurkuku ya taɓa lafiyarsa, musamman idanunsa, har sai da ya koma amfani da tabarau. Firaminista Georges Clemenceau ya so ya riƙe shi a bayan fage a matsayin mai ba da shawara, domin ƙasar ba ta son rasa gwarzonta. Garros ya ƙi. Ya sake koyon tuƙin sababbin jirage, waɗanda suka yi wa na 1915 nisa wajen gudu da ƙarfin makami, ya koma tsohuwar rundunarsa ta 26, yana tuƙa jirgi samfurin SPAD. Ranar 2 ga Oktoba, 1918, ya kakkaɓo jirgi na huɗu.

Kwana uku bayan haka, ranar 5 ga Oktoba, aka harbo jirginsa a wata arangama kusa da garin Vouziers da ke yankin Ardennes. Ya mutu ana gobe zai cika shekara 30, kuma saura mako biyar a sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamba. A Vouziers aka binne shi.

Yadda sunansa ya hau filin tennis

An fara gasar tennis ta Faransa tun 1891, amma sai a 1925 aka buɗe ta ga 'yan wasan ƙasashen waje baki ɗaya. A 1927 wasu 'yan wasan Faransa huɗu, René Lacoste da Henri Cochet da Jean Borotra da Jacques Brugnon, suka je Philadelphia suka ƙwace Kofin Davis daga hannun Amurka. Bisa ƙa'idar lokacin, mai riƙe da kofi shi ke karɓar baƙuncin wasan ƙarshe na shekara mai zuwa, ga shi kuma Paris ba ta da filin da zai ɗauki taron.

Ƙungiyar Stade Français ta amince ta ba da fili mai faɗin hekta uku a kusa da Porte d'Auteuil, a yammacin birnin. Shugabanta a lokacin shi ne Émile Lesieur, kuma sharaɗin da ya gindaya shi ne a sa wa filin sunan abokinsa na makaranta, wanda ya kwanta dama shekara goma da suka wuce. Aka amince. An buɗe filin a 1928, Cochet ya lashe gasar maza ta farko da aka yi a cikinsa, Faransa ta doke Amurka ta riƙe Kofin Davis, kuma bai bar hannunta ba sai a 1933.

Jar ƙasar da ake magana a kanta garin jan bulo ne da ake barbaɗawa sama-sama a kan dakakken dutsen farar ƙasa. Tana rage wa ƙwallo gudu, tana sa ta yi tsalle sama, don haka ake daɗewa ana musayar bugu kafin a ci maki. Mai dogaro da ƙarfin bugun farko kaɗai ba ya kai labari a nan, sai mai juriya da haƙuri da iya zamiya. Shi ya sa hasashen magoya baya kan sha ƙasa a Paris, kuma shi ya sa manyan zakaru irin su Pete Sampras suka yi ritaya ba su taɓa ɗaga wannan kofi ba.

A wannan fili Althea Gibson ta Amurka ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe ɗaya daga cikin manyan gasannin tennis huɗu na duniya, a 1956. A nan aka yi babbar gasa ta farko da aka bar ƙwararru masu karɓar kuɗi suka shiga, a 1968. Björn Borg ya yi nasara sau shida, Chris Evert sau bakwai, Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya faranta ran Faransawa a 1983, sannan Rafael Nadal na Sifaniya ya lashe kofin sau 14 tsakanin 2005 da 2022.

A tsibirin Reunion ma ba a manta da shi ba. Babban filin jirgin saman tsibirin sunansa yake amsawa, kuma mutum-mutuminsa na tsaye a bakin teku a Saint-Denis, garin da aka haife shi.