Tarihin Christian Sprengel, Shugaban Makarantar da Ya Gano Aikin Ƙwari a Kan Fure

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani malami Bajamushe da mutanen zamaninsa suka raina aikinsa.

An haifi Christian Konrad Sprengel a shekarar 1750 a garin Brandenburg na ƙasar Jamus. Ya yi karatun addini a jami'ar Halle, kuma a 1780 ya zama shugaban wata makaranta a Spandau, kusa da Berlin. A can ne wani likita mai suna Ernst Heim ya cusa masa sha'awar tsirrai.

A 1787 ya lura da wasu 'yan gasu a cikin wani furen daji, sai ya tambayi kansa amfaninsu. Ya gano cewa suna kare ruwan zaƙin furen daga ruwan sama, don ƙwari su same shi garau. Daga nan ya duƙufa. Yakan tsuguna gaban fure na sa'o'i yana kallon masu zuwa: zuma, malam-buɗe-littafi da ƙudaje. Ya ga cewa launi da ƙamshi da ɗige-ɗigen fure suna yi wa ƙwaro jagora ne. Shi kuma ƙwaron yana kwashe garin fure a jikinsa ya kai wa wani furen, da haka shuka ke yin 'ya'ya.

A 1793 ya wallafa littafi a kan tsirrai iri 461. Masana ba su kula shi ba. A 1794 aka sallame shi daga aiki, bisa zargin yana sakaci da makaranta. Ya koma Berlin yana koyarwa a gida, kuma ranakun Lahadi yakan fita da jama'a bayan gari, a biya shi kuɗi kaɗan, ya nuna musu furanni. Ya rasu a 1816. Sai bayan shekaru masu yawa Charles Darwin na Ingila ya karanta littafin, ya yaba masa, sannan duniya ta san darajarsa.

Abin da ya burge mu shi ne, yawancin aikinsa da ido da haƙuri ya yi shi. Mu ma muna da su. Idan mangwaro ya yi fure, ku tsaya ku duba. Za ku iya ganin wani ƙuda mai ratsin rawaya da baƙi yana tsaye cak a iska. Kama yake da zuma, amma ba ya harbi, kuma fukafukansa biyu ne, na zuma huɗu. Yana kai garin fure, tsutsar wasu irinsa kuma tana cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye. Fesa maganin ƙwari lokacin fure yana kashe shi.

Don Allah kada ku kashe shi. Ku rubuta ranar da kuka gan shi da furen da ya sauka, ku kawo mana, za mu liƙa a wannan allo.