Sir Ahmadu Bello, Ɗan Rabah Da Aka Tuhuma Kan Jangali

A wannan mako filin namu zai leƙa ƙasar Rabah, maƙwabciyar Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, kuma can kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Ahmadu a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin garin, jika ne ga Muhammadu Bello, ya kuwa rasu ya bar Ahmadu yana ƙaramin yaro.

Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. Da gadon Sarkin Musulmi ya faɗi a 1938 ya nema, Allah ya ba Abubakar na Uku. Shi kuma aka yi masa Sardauna, aka tura shi Gusau.

A can jarrabawa ta same shi. Cikin 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, wato harajin shanu, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin wata uku. Ku duba fa, jinin Shehu Usmanu, a ƙasar kakanninsa, ana kiransa maci amana! Masu nazarin Larabci sun san amana da imani tushensu ɗaya ne, saboda haka wannan tuhuma ta fi ɗaurin ciwo. Bai tayar da fitina ba. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, babbar kotu ta wanke shi.

Shekara 11 bayan haka, a 1954, mutumin da aka zarga kan kuɗin shanu ya zama Firimiyan Jihar Arewa, baitulmalin jiha duka ya shiga hannunsa. A zamaninsa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, aka kafa Bankin Arewa domin 'yan kasuwarmu su sami jari, aka buɗe jami'a a Zariya a 1962. A shekarar nan ce kuma ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam, ya zama mataimakin shugaban Rabiɗa a Makka.

Ba a ce ba shi da laifi ba. Mutanen NEPU sun sha ɗauri a kotunan En'e lokacin mulkinsa, kuma har yau akwai gidajen da ba su manta ba. Amma ko abokan hamayyarsa ba su iya nuna wani kamfani ko wata taska da ya tara wa kansa ba, ga shi kuwa attajirai da dama sun yi arziki ta ƙofofin da ya buɗe.

Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu, amin.