Sarki Sulaimanu da Ɗakin Ibada

Sulaimanu ɗan Dawuda ya hau gadon sarautar Bani Isra'ila wajen shekara 970 kafin haihuwar Annabi Isa. Babban birninsa Urushalima ne, wanda kuma a ke kira Birnin Ƙudus. Yahudawa da Kirista suna girmama shi saboda hikimarsa, Musulmi kuwa suna lissafa shi cikin annabawa. Labarin da za ku karanta a nan daga littattafan Bani Isra'ila ya fito.

Sulaimanu yana saurayi ya ci sarauta. Wata rana ya tafi wani gari wai shi Gibeyon don ya yi hadaya. Da dare Allah ya yi masa magana cikin mafarki, ya umurce shi ya roƙi abin da ya ke so. Sulaimanu bai roƙi dukiya ko tsawon rai ba. Ya roƙi zuciya mai ganewa, don ya iya rarrabe gaskiya da ƙarya cikin shari'ar talakawansa. Allah ya ba shi abin da ya roƙa, ya ƙara masa da arziki da girma.

Tun zamanin Annabi Musa, Bani Isra'ila suna da wani akwati da aka dalaye da zinariya, sunansa Akwatin Alkawari. A cikinsa akwai alluna biyu na dutse masu ɗauke da dokokin Allah. Wannan akwati shi ne alamar cewa Allah yana tare da su, saboda haka suna jin kwarjininsa ƙwarai. Ba mai taɓa shi da hannu, sai dai a ɗauke shi da sanduna a kafaɗa. Shekara da shekaru a cikin tanti a ke ajiye shi. Dawuda ya so ya gina masa ɗaki, amma Allah ya ƙaddara ɗansa ne zai yi wannan aiki.

A shekara ta huɗu ta sarautarsa Sulaimanu ya kafa harsashi. Ya yi shawara da Hiram, sarkin Taya, aka riƙa saro itatuwan al'ul daga duwatsun Lebanon, ana kawo su ta teku. Tsawon ɗakin kamu 60 ne, faɗinsa kamu 20, tsayinsa kamu 30. Tun can wurin haƙar dutse a ke sassaƙe duwatsun, don haka ba a ji ƙarar guduma ko gatari a wurin ginin ba. Shekara bakwai ana aiki kafin a gama.

Da aka gama, sarki ya tara dattawa da shugabannin kabilu. Limamansu, waɗanda a ke kira firistoci, suka ɗauko akwatin, suka shigar da shi can cikin ƙuryar ɗakin. Fitowarsu ke nan sai wani gajimare ya cika ɗakin, har suka kasa tsayawa su ci gaba da hidimarsu. Jama'a suka gane ɗaukakar Allah ce ta sauko.

To, me sarki ya yi a wannan sa'a? Bai tsaya yana nuna wa mutane zinariyar da ya kashe ba. Ya durƙusa bisa gwiwoyinsa a gaban talakawansa duka, ya ɗaga hannuwansa sama. Ya shaida cewa sammai duk da faɗinsu ba su isa su ɗauki Allah ba, balle ɗakin da ɗan Adam ya gina. Ya roƙi Allah ya ji kukan mai laifi in ya tuba, da na manomi in ruwan sama ya ɗauke, har da na baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa. Da ya gama addu'a, wuta ta sauko ta cinye hadayar. Jama'a suka faɗi, goshinsu a ƙasa, suna sujada suna godiya. Kwana 14 aka yi ana biki.

Sulaimanu ya yi shekara 40 yana mulki, sunansa ya kai ƙasashe masu nisa, har sarauniyar Saba ta zo ta gani da idonta. Amma aikin gine-gine ya yi wa talakawa nauyi, shi ya sa bayan rasuwarsa ƙasar ta rabu biyu. Ɗakin kuwa ya tsaya fiye da shekara 350, har Nebukadnezzar sarkin Babila ya ƙone shi wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ɗakin ya rushe, zinariyarsa ta tafi, amma har yanzu ana ba da labarin ranar da babban sarki ya durƙusa. Ku riƙe wannan, yara: duk girman da mutum ya samu, in ya zo gaban Mahaliccinsa, ladabi da ƙanƙan da kai su ne suka dace da shi.