Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani: Darasi Ga Mai Hawan Jini

Mai karatu, idan ka tashi daga Sakkwato ka bi ta Achida, ba da jimawa ba sai ga ka a Wurno, garin da ke kallon fadamar gulbin Rima. A nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, kuma har gobe jama'a na zuwa ziyara. Duk ɗan Wurno ko Rabah ko Goronyo ya san shi da sarauta da jihadi da malanta. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, wannan bawan Allah ya zauna ya rubuta littattafai a kan cututtuka da magungunansu. Idan kana fama da hawan jini, ko kana jinyar mai ciwon zuciya, akwai abin ɗauka a rayuwarsa.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya taso a Degel, a gidan da littafi ya fi dukiya daraja. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi da wasu malamai na danginsu, ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi da tarihi.

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Tun daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin rundunar jama'a, kuma da shi a gaba aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya kafa garin Sakkwato. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da masu tarihi ke komawa gare shi har yau. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe ragamar daula shekara ashirin, tare da Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u.

Shekarun nan ba na hutu ba ne. Tawaye ya tashi tun farkon mulkinsa, Gobirawa da Kabawa kuma ba su ajiye makami ba. Don haka ya riƙa gina garuruwan ribaɗi a kan iyaka, yana zaunar da makiyaya wuri ɗaya, yana kwaɗaitar da su noma da sana'a da karatun yara. Wurno ita ce ribaɗin da ya zaɓa wa kansa, a nan ya yi yawancin shekarunsa na ƙarshe.

Littattafan magani

Ka auna da kanka: mutumin da ke fita yaƙi, yana sauraron shari'a, yana amsa wasiƙun sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, shi ne kuma ya samu lokacin rubuce-rubuce masu yawa, wasu daga ciki kacokan a kan lafiya. Yana da Al-Mawaridun Nabawiyya, wanda ya tattara mas'alolin magani daga hadisan Manzon Allah (SAW) da bayanan malamai. Yana da ɗan littafi a kan basir, da wani a kan ciwon ido, da wani a kan amfanin filasko, da kuma wata risala a kan cututtukan ƙoda.

Hanyarsa ita ce ya ware cuta ɗaya, ya nemo abin da magabata suka faɗa a kanta cikin littattafan Larabci, sannan ya rubuta shi a taƙaice yadda ɗalibi zai kwafa ya tafi da shi garinsu. A zamanin da mai magani kan ɓoye laƙaninsa sai ɗansa kaɗai zai gada, sanya ilimin magani a takarda babban al'amari ne, domin abin da aka rubuta ana iya duba shi, a gwada, a gyara. A gidan nasu ma ba shi kaɗai ba ne, Nana Asma'u ta yi nata rubutun a kan neman waraka bayan rasuwarsa.

Ya nemi a aiko masa da likita

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan ƙasar Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Likitan ayarinsu, Walter Oudney, ya riga ya rasu a hanya kusa da Katagum. Bello ya karɓi baƙon, ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ƙasarsu da iliminsu. A wasiƙar da ya aika wa Sarkin Ingila George na Huɗu, cikin abubuwan da ya nema har da likita wanda zai zo ya zauna a ƙasarsa.

Clapperton ya komo a 1826, ya kawo masa littattafan Larabci, ciki har da na lissafin Iƙlidis. Amma likitocin da suka taso tare da shi daga Ingila duk sun halaka a hanya, babu wanda ya iso. Shi kansa Clapperton ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Ka ga ke nan Sarkin Musulmi, da duk iliminsa da littattafansa, bai ji nauyin neman ƙarin sani a hannun baƙi ba.

Ƙoda da zuciya

A shekarun da Bello ke mulki, wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, Richard Bright, shi ma ƙoda yake nazari. A 1827 ya nuna cewa kumburin jiki da zubar furotin cikin fitsari alama ce ta lalacewar ƙoda. A 1836 ya lura da cewa da yawa daga waɗanda ciwon ya kashe, zuciyarsu ta yi kauri ta ƙara girma. Abin da ke haɗa gaɓoɓin biyu shi ne hawan jini, sai dai a lokacin babu na'urar auna shi a jikin majinyaci. Sai a 1896 Riva-Rocci ɗan Italiya ya ƙera abin ɗaurawa a damtse, a 1905 kuma Korotkoff ɗan Rasha ya gano sauraron bugun jijiya da ake samun lambobi biyu da shi.

Yau an san yadda abin yake. Ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa a jikinka. Idan jini ya daɗe yana hawa, sai ya lalata ƙananan jijiyoyinta, ita kuma idan ta lalace sai ta ƙara hawan jinin. Zuciya tana ta turawa da ƙarfi har ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ido ma bai tsira ba, haka ƙwaƙwalwa, inda abin kan ƙare da shanyewar ɓarin jiki.

Filaskon da Bello ya yi rubutu a kansa har yanzu ana amfani da shi a asibiti don sakin ciki. Amma yawan shansa yana zubar da sinadarin fotasiyam, kuma wannan haɗari ne ga mai shan maganin sa fitsari ko digoxin, don yana iya rikita bugun zuciya. Haka jiƙe-jiƙen basir da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa: ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san adadinsa ba, ƙodarka ce kuma za ta tace shi.

Rasuwarsa

A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da abokansu. Bayan haka ya yi jinya ta watanni, Allah Ya karɓi ransa a Wurno cikin Oktoba 1837, wato Rajab 1253, yana da shekara 56. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Daga baya ɗansa Aliyu Babba ya yi mulki daga Wurno. Cikin zuriyarsa akwai Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, haifaffen Rabah.

Binciken da ya biyo baya

Aikin dubawa da rubutawa bai tsaya ba a ƙasar nan. A shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun ɗora zargi a kan yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya ya ƙara da hawan jinin masu ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wani nazari na 2007 ya samu wannan ciwon a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya.

A 2019 kuma aka fitar da sakamakon gwajin CREOLE, wanda likita daga Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da majinyata sama da 700. An gano cewa haɗin magani biyu da akwai amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Shi ya sa za ka ga likita ya rubuta maka shi tare da wani.

Abin da ya rage gare ka

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya kusan biliyan 1.3 ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, domin sau da yawa ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri. Abin da Bello bai samu ba, kai kana da shi a asibitin garinku: awon da bai wuce minti biyar ba. Je ka a auna ka. Idan an samu 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, kana buƙatar kulawar likita. Ka sa a duba fitsarinka da ƙodarka. Ka rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, ka lissafa har da dunƙulen miya da kanwa. Kada ka bar magani don ka ji sauƙi, kuma duk wani sassaƙe ko jiƙo da kake sha, ka faɗa wa likitanka. Mai jego da ta ga ƙafafunta na kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta awonka da kwanan wata, ka tafi da shi duk ranar ganin likita. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.