Romeyn de Hooghe, Mai Yaƙi da Allura

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani mutumin ƙasar Holan wanda makaminsa allura ce, amma har sarakuna sun ji zafinta. Sunansa Romeyn de Hooghe, an haife shi a birnin Amstadam cikin 1645.

Sana'arsa zanen hotunan bugawa. Ga yadda a kan yi. A shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a yi zane a kai da allura, a zuba wani ruwa mai cin ƙarfe, ya ci inda allura ta bi. Sa'an nan a cika gurabun da tawada, a danna takarda. Faranti guda ya kan ba da hotuna ɗaruruwa.

Cikin 1672 Luwi na 14, Sarkin Faransa, ya kawo wa Holan yaƙi, sojansa suka ƙone garuruwan Bodegraven da Zwammerdam. De Hooghe ya zana ta'asar nan, har wanda bai iya karatu ba ya gani da idonsa. Ya kuma goyi bayan Yarima Wilyam, shugaban yaƙin Holan. Da Wilyam ya haye teku cikin 1688, ya raba Sarki Jemis na 2 da gadon sarautar Ingila, sai gwanin nan ya dinga zana Luwi, mai taimakon Jemis, da kayan ɗan kama, don jama'a su yi masa dariya.

To, amma in ka iya jifa, wani ma ya iya. Cikin 1690 manyan Amstadam ba su ga maciji da Wilyam, sai aka baza takardu ana zargin maizanensa da sata, da saɓon Allah, da zanen batsa. Sunansa bai sake wankuwa sarai ba. Duk da haka bai ajiye allura ba. Cikin 1701 ya fara buga wata jaridar zambo, Esopus in Europa, ta fito sau 40, inda ya kan sa dabbobi a madadin ƙasashe da sarakuna, kamar a tatsuniya. Ya rasu a garin Harlem cikin 1708, ya bar hotuna fiye da 3,000.

Ni dai a ganina, mu da za mu zama malamai, wajibi ne mu lura. Hoto ya kan shiga zuciyar yaro tun kafin baƙi ya shiga. Idan almajiranmu sun ga hoton zambo, mu bar su su yi dariya, sa'an nan mu koya musu su tambaya: wa ya zana, bayan wa ya ke bi?