Likita Charles Drew, Mai Rumbun Jini

Bara da damina zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙanwata har tafin hannunta ya yi fari fat. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce sai an ƙara mata jini a daren nan. Aka gwada na Baba bai dace da nata ba. Maƙwabtanmu biyu da suka rako mu kuwa, da jin zancen ɗibar jini sai suka sulale. Muna cikin wannan hali sai wani ma'aikaci ya buɗe firji ya ɗauko leda guda ta jinin wani bawan Allah da ba mu sani ba, ya gwada ya ga ya dace. Yau ga ta nan tana zuwa makaranta. Tun daga ranar nake son sanin waɗanda suka kawo dabarar ajiye jini kamar yadda ake ajiye hatsi a rumbu. Suna da yawa, amma wanda labarinsa ya fi kama ni shi ne Likita Charles Drew.

An haife shi ran 3 ga Yuni, 1904, a birnin Washington na ƙasar Amurka. Baƙar fata ne, kuma a zamanin nan baƙaƙe da Turawa ba sa haɗa makaranta a garinsu. Sana'ar mahaifinsa shimfiɗa darduma a gidajen mutane. Gwanintarsa a wasanni ce ta sama masa gurbi a Kwalejin Amherst, ya gama a 1926. Da yake ba shi da kuɗin karatun likita, sai ya yi shekara biyu yana koyarwa yana tari. Daga nan ya tafi Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya fito likita a 1933, shi ne na biyu a ajinsu. Lalle kowa ya ci zomo ya ci gudu.

A 1938 ya shiga Jami'ar Columbia ta New York don ƙaro ilmi. A lokacin an riga an buɗe ma'ajiyar jini a Chicago tun 1937, amma jinin ba ya jimawa yake lalacewa. Drew ya duƙufa kan wannan matsala. Idan aka bar jini ya kwanta, ko aka juya shi a na'ura, jajayen ƙwayoyi sukan koma ƙasa, wani ruwa mai launin ruwan ɗorawa ya taso sama. Shi ake kira filasma. Ya fi jini jimawa, ya fi sauƙin ɗauka zuwa nesa, yana kuma ceton wanda ya zubar da jini da yawa. A 1940 Drew ya sami babban digiri a kan ajiyar jini, shi ne baƙar fata na farko da ya sami irinsa a jami'ar.

A shekarar nan jiragen Jamus suna ta ruwan bamabamai a Ingila. Aka ɗora Drew kan aikin tara jini a asibitocin New York don a aika wa masu rauni. Ya tsara yadda za a ɗiba, a tace, a gwada kowace kwalba kada ƙwayar cuta ta shiga. Cikin 'yan watanni aka tura filasma wajen lita 5,000. A 1941 ya taimaka wa ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta kafa tata ma'ajiyar, har da motocin da ke bin unguwanni suna karɓar jini.

To, ga abin takaici. Da farko aka ƙi karɓar jinin baƙar fata, daga 1942 kuma aka riƙa karɓa ana ware shi dabam. Wato mai gina rumbun ba shi da ikon zuba nasa hatsin a ciki! Drew ya fito fili ya nuna cewa ilmi bai san wannan bambanci ba. Rukunin jini A ne da B da AB da O, babu ruwansa da launin fata. Sauran rayuwarsa ya yi ta a Jami'ar Howard yana horar da baƙaƙen likitocin tiyata.

Ran 1 ga Afrilu, 1950, ya yi haɗarin mota a jihar North Carolina, ya rasu yana da shekara 45. An daɗe ana yaɗa cewa an hana shi jini ne saboda launinsa, amma ba haka ba ne. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, raunin ne ya yi yawa.

Yanzu aikin nan ya zama fanni mai zaman kansa. A Amurka masu digiri sukan ƙara kwas na kamar shekara guda su sami takardar ƙwarewa a kansa, domin kuskuren gwaji guda na iya kashe mutum. Ni dai shi nake fatan karantawa. 'Yan'uwana ɗalibai, mu riƙe darussan kimiyya da kyau. Iyayenmu kuma, don Allah in an nemi jininku kada ku sulale. Alheri gadon barci ne, kuma ledar da ta ceci ƙanwata wani ne ya miƙa hannunsa aka ɗiba.